Lamunin Gwamnati: Abin da Mutanen Thamesmead Suka Gani

Dattawan da suka yi fataucin shanu zuwa Kurmi sun san matsayin maigida a unguwar Sabo ta Ibadan. Falke yakan kawo shanunsa daga Arewa ya sauka a gidan maigida, mahautan gari kuwa su zo su ɗauki dabba bashi, a kan za su biya in sun sayar da nama. Falke bai san mahautan nan ba, bai san gidajensu ba, ba ya kuma jin harshensu. Abin da ya sa ya yarda ya saki saniyarsa shi ne maigida ya tsaya masa lamuni: in mahauci ya cinye, maigida ya biya. A ranar da aka yi cinikin maigida bai fitar da ko anini daga aljihunsa ba. Wanda ya leƙa littafinsa a ran nan ba zai ga ana binsa kome ba. Amma fa maigida mai hankali ba ya barci sai ya ƙidaya shanun da ya tsaya wa, ya kuma auna halin kowane mahauci, domin ya san akwai makon da mutum uku ko huɗu za su karye gaba ɗaya.

Gwamnatocin zamani ma masu gida ne, sai dai abin da suke tsaya wa asibitoci ne da gadoji da hanyoyin jirgin ƙasa. Yau a ƙasashe da yawa, maimakon gwamnati ta ciwo bashi ta gina asibiti da kanta, sai ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai zaman kansa. Kamfanin shi zai nemo kuɗi daga bankuna, ya yi ginin, ya riƙa kula da shi shekara 25 ko 30, gwamnati kuwa tana biyansa wani abu kowace shekara, ko kuma ta bar shi ya riƙa karɓar kuɗi daga masu amfani da wurin. Wannan shi ake kira haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa. Banki kuwa kamar falken nan yake, ba ya sakin dukiyarsa sai ya ga wanda ya tsaya. Saboda haka a cikin irin wannan yarjejeniya sau da yawa akan tarar da alkawarin cewa in kamfani ya durƙushe, ko in motoci ba su bi hanyar yadda aka zata ba, ko in aka soke kwangilar kafin lokacinta, to gwamnati za ta biya. Masana harkar kuɗi suna da sunan da suke kiran irin wannan nauyi. Mu dai bari mu kira shi bashin in-ta-ɓaci. Ba a sa shi cikin jimlar bashin ƙasa, domin mai yiwuwa ne har abada ba za a biya shi ba. Mai yiwuwa ne kuma a wayi gari gobe ana nemansa duka.

Ban san wurin da ya fi dacewa a tsaya a duba wannan al'amari ba kamar Thamesmead, wata unguwa a kudu maso gabashin Landan, a bakin Kogin Thames, wadda ƙananan hukumomin Greenwich da Bexley suka raba tsakaninsu. Da can fadama ce, wani sashenta kuma filin gwajin makamai ne na ma'aikatar makaman sarauta ta Woolwich. Majalisar Babban Birnin Landan ce ta zana ta a matsayin sabon gari na mutum 60,000, mutanen farko suka tare a 1968. Saboda tunawa da ambaliyar 1953, gidajen farko an ɗaga su sama, aka bar ƙasa don ajiye motoci, aka haɗa benaye da gadojin siminti na masu tafiya a ƙasa. An yi shirin kawo jirgin ƙarƙashin ƙasa har cikin unguwar, aka watsar da shirin a ƙarshen shekarun 1970 don rashin kuɗi. Majalisar da ta haifi garin ma an rushe ta a 1986. Yau wanda ya sauka a kasuwarta ran Asabar zai ji Yarabanci da harsunan Gana kamar yana Agege, don 'yan Afirka ta Yamma sun yi yawa a wurin ƙwarai. Amma har yanzu babu tashar jirgin ƙasa ko ɗaya a cikin Thamesmead. Mai zuwa aiki sai ya hau bas zuwa Abbey Wood, ko Woolwich, ko North Greenwich, sa'an nan ya sami jirgi.

Lamunin gwamnati ba baƙo ba ne a wannan fadama. A gefen unguwar ta gabas akwai wani tsohon gini da ake kira Crossness, inda aka kafa manyan injuna na tura ƙazantar kudancin Landan, aka buɗe shi a 1865. Asalinsa kuwa bazarar 1858 ce, sa'ad da warin kogi ya hana 'yan majalisa sakat a Westminster. Cikin gaggawa aka yi doka, Benjamin Disraeli yana Ministan Kuɗi, aka yardar wa Hukumar Ayyukan Birni ta ciwo bashin fam miliyan 3 don gina magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya tsara. Baitulmali ya tsaya lamuni, aka kuma aza harajin taro a kan kowace fam ta ƙimar gidaje har shekara 40 don biyan bashin. A lura da kyau: an faɗi adadin, an faɗi wanda ya tsaya, an faɗi inda za a samo abin biya, duka a cikin doka guda da kowa zai iya karantawa. Jikokinsu sun ɗauki shekaru kafin su koma ga wannan sauƙin bayani.

Sabon salon ya fara ne a 1992, zamanin Firayim Minista John Major, sa'ad da Ministan Kuɗi Norman Lamont ya ƙaddamar da tsarin da ake kira PFI a taƙaice, watau gina kayan gwamnati da jarin 'yan kasuwa. Gwamnatin Leba da ta hau a 1997 ta rungume shi fiye da waɗanda suka ƙirƙiro shi. Hujjar da aka bayar tana da ƙarfi: ɗan kasuwa da ya zuba kuɗinsa zai gama aiki a kan lokaci, in kuma kuɗin gini ya zarce abin da aka tsara, asararsa ce. Akwai kuma wata hujja da ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, ita ce yawancin waɗannan ayyuka ba sa bayyana a cikin ƙididdigar bashin ƙasa, saboda haka minista zai iya yanka zaren buɗe asibiti ba tare da an ce ya ƙara wa ƙasa bashi ba. Ofishin Binciken Kuɗin Ƙasa ya ba da rahoto a Janairun 2018 cewa akwai irin waɗannan ayyuka fiye da 700, waɗanda darajar gininsu ta kai wajen fam miliyan dubu 60, abin da ya rage a biya kuwa har zuwa shekarun 2040 ya kai fam miliyan dubu 199. Mutumin Thamesmead yana kewaye da su. Gidan yarin Thameside da aka buɗe a 2012, wanda kamfanin Serco ke gudanarwa, ta wannan hanya aka gina shi. Haka ma reshen ƙaramin jirgin DLR da ya ƙetaro kogi zuwa Woolwich a 2009, wanda Hukumar Sufurin Landan ta saye daga hannun masu shi a 2011, don ta ga ita za ta iya cin bashi da ruwa mai sauƙi fiye da nasu.

Amma labarin da ya fi kowanne bayyana yadda lamuni ke farkawa shi ne na kamfanin Metronet. A 2003 aka damƙa gyaran hanyoyi da tashoshi da jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan ga kamfanoni biyu na tsawon shekara 30. Magajin Garin Landan na lokacin, Ken Livingstone, ya ƙi tsarin har ya kai gwamnati kotu, bai yi nasara ba. Metronet ya sami kashi biyu cikin uku na aikin, Tube Lines ya sami sauran. Manyan kamfanoni biyar ne suka mallaki Metronet: Atkins, Balfour Beatty, Bombardier, EDF Energy da Thames Water. Jarin da suka zuba gaba ɗaya fam miliyan 350 ne, watau 70 kowannensu. Sauran kuɗin duk rance ne, kuma Hukumar Sufurin Landan ta tsaya wa kashi 95 cikin 100 na rancen, Ma'aikatar Sufuri ta ƙasa kuwa ta rubuta wa bankuna takardar kwantar da hankali cewa ba za ta zuba ido hukumar ta kasa biya ba.

To, a nan ne gizo ke saƙar. An ce an kawo bankuna cikin aikin ne don su sa wa kamfani ido, tun da dukiyarsu ce a ciki. Amma wanda aka ce masa in an yi asarar fam 100 za a mayar masa da 95, wane irin ido zai sa? Falken da ya san maigida zai biya ba ya bin mahauci kasuwa. Daɗin daɗawa, kamfanonin nan biyar da suka mallaki Metronet su ne kuma manyan 'yan kwangilarsa, watau da hannun dama suna ba da aiki, da hannun hagu suna karɓa. Kuɗin aiki ya yi ta hauhawa. A tsakiyar 2007 Metronet ya nemi mai sulhun da doka ta naɗa ya ba shi ƙarin fam miliyan 551 na wucin gadi, aka ba shi 121. Ran 18 ga Yuli, 2007, kamfanin ya faɗi, aka naɗa masa kantoma. Jiragen da miliyoyin mutane ke hawa kullum ba su da halin tsayawa ko na yini ɗaya, saboda haka hukuma ta ci gaba da zuba kuɗi. A watan Fabrairun 2008 gwamnati ta fitar da fam miliyan 1,700 don a sallami masu bin bashin.

Ya kamata a yi adalci a nan. Ba dukan kuɗin nan ne asara ba, domin wani sashe nasu an riga an kashe shi a kan tashoshi da hanyoyin da jama'a ke amfani da su, kuma ko da kamfanin bai faɗi ba da a hankali za a biya shi cikin shekaru. Ofishin Binciken Kuɗi ya ƙiyasta a 2009 cewa ainihin asarar masu biyan haraji tana tsakanin fam miliyan 170 da 410. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton, a ganina, shi ne Ma'aikatar Sufuri, wadda a ƙarshe ita ta biya, ba ta cikin waɗanda suka sa hannu a kwangilar, ba ta da hanyar samun cikakken labarin abin da ke gudana a cikin kamfanin, ba ta kuma da linzamin da za ta ja. Maigida ne da ya tsaya wa mahaucin da bai taɓa ganin rumfarsa ba. A 2010 Hukumar Sufuri ta saye Tube Lines a kan fam miliyan 310, yarjejeniyar shekara 30 ta ƙare tun ba ta cika takwas ba.

Wancan lamuni ne rubutacce. Akwai wani iri wanda ba a rubuta shi ko'ina, kuma shi ya fi wuyar sha'ani. Babban asibitin da mutanen Thamesmead da yawa ke zuwa shi ne Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Woolwich, wanda aka buɗe a 2001, yana cikin na farko-farko da aka gina da jarin 'yan kasuwa. Kuɗin da hukumar asibitin ke biyan kamfanin da ya gina shi kowace shekara ba abin da ake ragewa ba ne. Yana kuma hawa tare da tsadar kaya, ko marasa lafiya sun zo ko ba su zo ba. Asibiti in ya shiga matsi yakan jinkirta fenti ko gyaran rufi. Wannan kuwa ba shi da wannan dama, sai dai ya rage a wajen ma'aikata da gadaje. Tun 2005 masu binciken kuɗi suka yi gargaɗi cewa hukumar asibitin ba ta iya ɗaukar nauyinta. A 2009 aka haɗe shi da wasu asibitoci biyu, na Bromley da na Sidcup, a ƙarƙashin hukuma ɗaya, da fatan ƙarfi zai zo daga haɗuwa. Sai dai na Bromley shi ma da irin wannan jari aka gina shi. An haɗa gurgu da gurgu ke nan aka ce su yi tsere.

Kafin 2012 sabuwar hukumar tana asarar fiye da fam miliyan ɗaya kowane mako, tana kuma biyan fiye da fam miliyan 60 a shekara a kan gine-ginen biyu. A watan Yulin shekarar Ministan Lafiya Andrew Lansley ya naɗa mata kantoma, ita ce hukumar asibiti ta farko a Ingila da aka yi wa haka. Babu wata takarda da ta ce Baitulmali zai ceci Asibitin Sarauniya Elizabeth. Amma wace gwamnati ce za ta kulle ƙofar asibitin da ke karɓar haihuwa da haɗarin mota na gundumomi biyu? Kantoman ya ba da shawarar a yafe bashin da ya taru, Ma'aikatar Lafiya kuma ta riƙa ba da tallafi na musamman kowace shekara don biyan kamfanonin. Ya kuma ba da shawarar a rage sashen gaggawa da na haihuwa a Asibitin Lewisham, wanda ba ya ma cikin hukumar da ta karye. Dubban mutanen Lewisham suka fito kan titi, aka je kotu, Babbar Kotu ta yanke a Yulin 2013 cewa sabon minista, Jeremy Hunt, ya wuce ikonsa, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a Oktoba. A farkon watan nan na Oktoba aka rushe hukumar, aka haɗa asibitin Woolwich da na Lewisham. A duk wannan hargitsi kwangilar kamfanonin ba ta motsa ba.

Abin da ake nufi da sarrafa bashin in-ta-ɓaci, in aka tuɓe masa manyan kalmomi, shi ne abin da maigidan Sabo yake yi da dare. Da farko a san yawansa. Wannan kamar wasa ne, amma ƙasa kamar Birtaniya ba ta fara buga lissafin dukan hukumominta a littafi guda ba sai a 2011, kuma a cikinsa ne aka soma ganin jimlar irin waɗannan alkawura wuri ɗaya. Tun da daɗewa akwai ƙa'idar cewa ma'aikatar da za ta ɗauki lamunin da ya wuce fam 300,000, in babu dokar da ta ba ta izini, sai ta sanar da Majalisa ta jira kwana 14 na zama ko wani zai yi ƙorafi. Sanarwa kuwa daban, aunawa daban. Sai a 2017 Baitulmali ya kafa tsarin da ke tilasta wa kowace ma'aikata, kafin ta ɗauki babban lamuni ko wanda ba a saba da irinsa ba, ta amsa wasu tambayoyi a rubuce: mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa, nawa zai ci, yaya yiwuwarsa take, daga wane aljihu za a biya, kuma me ya hana a karɓi lada daga wanda aka tsaya wa? A shekarar ce kuma ofishin da ke sa ido a kan kasafin kuɗi ya fara fitar da rahoto na musamman a kan haɗurran da ke fuskantar baitulmali. A 2021 aka kafa wani rukuni na ƙwararrun inshora da masu auna haɗari don su taimaki ma'aikatu da wannan lissafi.

Tambayar ladan nan ita ce zuciyar maganar. Kamfanin inshora ba ya tsaya wa kowa kyauta, kuma kuɗin da yake karɓa shi ke nuna girman haɗarin. Gwamnati in ta ba da lamuni kyauta, kyauta ce ta yi wa masu hannun jari, sai dai kyautar da ba ta bi ta kasafin kuɗi ba, ba wanda ya yi mahawara a kanta. In aka ce minista ya sa farashi a kan lamuni, ya kuma cire shi daga kasonsa na bana, nan da nan zai fara tambayar ko aikin ya cancanta.

Kafin waɗannan gyare-gyare su kankama, wani babban ɗan kwangila, Carillion, ya rushe a Janairun 2018, ya bar manyan asibitoci biyu ba a gama ba, ɗaya a Liverpool ɗaya kusa da Birmingham, gwamnati ce kuma ta ƙarasa su. A Oktoban shekarar Ministan Kuɗi Philip Hammond ya shaida wa Majalisa cewa ba za a sake sa hannu a sabuwar kwangilar PFI ba. Tsofaffin dai suna nan ana biya.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa maganin shi ne gwamnati ta daina tsayawa lamuni. Akwai haɗarin da babu ɗan kasuwar da zai ɗauka sai da tsada mai yawa, kuma in ta ɓaci dole gwamnati ta shigo ko ta yi alkawari ko ba ta yi ba. In haka ne, gara a rubuta shi tun farko a sa masa iyaka. Misalin da ake bayarwa shi ne sabuwar babbar magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin Kogin Thames, mai tsawon kilomita 25, wadda aka ba kamfanin da aka raɗa wa sunan Bazalgette a 2015, aka kuma gama haɗa ta a 2025. A nan gwamnati ta lissafa abubuwan da za ta tsaya wa ɗaya bayan ɗaya: in kasuwar inshora ta ƙi ɗaukar wani haɗari, in kasuwar rance ta rikice, in kuɗin gini ya zarce wani mataki da aka ƙayyade, in kuma aka dakatar da aikin. Abin da ke ƙasa da wannan mataki na masu jari ne da masu biyan kuɗin ruwan famfo. Ma'aikatar da abin ya shafa ta kuma ƙiyasta cewa in al'amura suka yi muni ƙwarai nauyin zai iya kai fam miliyan 6,600, aka buga adadin kowa ya gani. Saboda wannan lamuni kamfanin ya sami jari da sauƙi fiye da yadda aka zata. Ana iya gardama a kan ko an yi wa masu jari sassauci da yawa, ni ma ina da shakka a kan haka, amma aƙalla akwai adadin da za a yi gardamar a kansa.

Wasu ƙasashe masu tasowa sun riga Ingila a wannan fanni, domin sun riga ta shan wuya. Kolombiya ta yi wa kamfanonin da suka gina mata hanyoyi a shekarun 1990 alkawarin cika musu kuɗi in motoci ba su kai adadin da aka zata ba. Motoci ba su kai ba, aka zo karɓa. A 1998 ta yi dokar da ta tilasta wa duk hukumar da ta ba da lamuni ta riƙa zuba kuɗi a wani asusu na musamman, gwargwadon haɗarin da aka auna, kamar mai tara hatsi a rumbu don shekarar fari. Chile kuwa tun 2007 take buga rahoto kowace shekara a kan dukan lamunin da ke wuyanta.

A gida Nijeriya maganar ba ta da nisa da mu. Dokar 2005 ce ta kafa hukumar kula da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Jihar Legas ta ba wani kamfani hanyar Lekki zuwa Epe a 2006 na shekara 30, aka fara karɓar kuɗin hanya a ƙarshen 2011 cikin ƙorafin jama'a, a 2013 jihar ta yanke shawarar saye kwangilar ta mayar da hanyar hannunta. Tashar lantarki ta Azura da ke kusa da Benin, wadda ta fara aiki a 2018, an gina ta ne bisa sharaɗin cewa kamfanin gwamnati mai sayen wuta zai biya kuɗin ƙarfin da tashar ta tanada, ko layukan ɗaukar wuta sun iya kwashewa ko ba su iya ba. Bankin Duniya ya tsaya wa wannan biya, Gwamnatin Tarayya kuma ta tsaya wa Bankin Duniya. Ba don wannan lamuni ba da wuya a sami mai zuba jarin, tashar kuwa tana ba da wuta. Amma duk gwamnan da aka kawo wa takardar gina kasuwa ko hanya ko tashar mota aka ce masa ba zai kashe ko kwabo ba, ya kamata ya sa a karanta masa shafin da ke maganar abin da zai faru in an soke kwangila, ya kuma tambaya da wane kuɗi za a biya, naira ko dala. A wajenmu wannan tambaya ta biyu takan fi ta farko nauyi, domin ranar da naira ta faɗi ita ce ranar da kamfani ke shiga matsi, ita ce kuma ranar da baitulmali ya fi kowane lokaci rauni.

Mu koma Thamesmead. An daɗe ana yi wa mutanenta alkawarin gada zuwa Beckton a ƙetaren kogi, wadda aka shirya ɗan kasuwa zai gina a riƙa karɓar kuɗin fito. An yi dogon zaman sauraron ra'ayin jama'a, aka kashe kuɗi a kan zane da lauyoyi, sai Magajin Gari Boris Johnson ya soke ta a Nuwamban 2008. Hanyar ƙarƙashin kogi da aka gina daga baya a Silvertown take, can yamma da su, aka buɗe ta a Afrilun 2025. Kamfanin Riverlinx ne ya nemo kuɗin ya gina, Hukumar Sufurin Landan kuwa za ta riƙa biyansa har shekara 25 muddin hanyar tana buɗe cikin kyakkyawan hali. Hukumar ce ke karɓar kuɗin fito, saboda haka in motoci suka yi ƙaranci, giɓin nata ne.

A Nuwamban 2025, shekara 57 bayan tarewar mutanen farko, gwamnati ta amince da miƙa jirgin DLR daga Beckton ya ratsa ƙarƙashin kogi zuwa Thamesmead, aikin da aka ƙiyasta zai ci wajen fam miliyan 1,700, kusan daidai da abin da aka biya bankunan Metronet a 2008. Bisa ga abin da aka bayyana, yawancin kuɗin Hukumar Sufuri da Hukumar Babban Birnin Landan ne za su ciwo rance da sunansu, gwamnatin ƙasa tana tallafa musu wajen biya. Wannan bashi ne da za a gani a littafi tun ranar farko. Amma lissafin ya dogara a kan dubban sababbin gidaje da ake sa ran ginawa a gaɓoɓin kogin biyu, ciki har da filin da ke hannun ƙungiyar gidaje ta Peabody, wadda ta karɓi ragamar yawancin unguwar a 2014, da kuma fasinjojin da za su fito daga gidajen. In gidajen suka yi jinkiri, masu ba da rance ba za su jinkirta ba. Ana fatan jirgin farko zai shiga Thamesmead a farkon shekarun 2030; kafin nan, bas ce ke kai mutane North Greenwich.